Jamhuriyar Kocincina: Gwamnatin da Aka Kafa Don Kada a Tambayi Jama'a

A ranar 1 ga Yunin 1946, a birnin Saigon da ke kudancin Biyetnam, mahukuntan Faransa suka yi shelar kafa wata sabuwar ƙasa da suka kira Jamhuriyar Kocincina mai cin gashin kanta, suka ba ta tuta da majalisar ministoci, suka ɗora wani likita mai suna Nguyen Van Thinh a kan kujerar shugabancinta. Bayan wata biyar da 'yan kwanaki, ranar 10 ga Nuwamba, aka tarar likitan ya rataye kansa a gidansa. Jamhuriyar ta ɗan ƙara numfashi a hannun waɗansu, aka sauya mata suna a 1947, sannan a 1949 Faransar da ta haife ta ta sa hannu a kan dokar da ta shafe ta. Mafi yawan masu ba da tarihin Biyetnam sukan tsallake ta da jimla ɗaya, su ce gwamnatin jeka-na-yi-ka ce, su wuce zuwa ga manyan yaƙe-yaƙe. Ni kuwa ina ganin ta cancanci a tsaya a kanta, domin a cikin 'yan watannin nan ne aka toshe hanyar da za ta iya hana zubar da jinin shekara talatin. An kafa wannan gwamnati ne domin kada a yi wa mutanen kudancin Biyetnam tambayar da aka yi alkawari a rubuce za a yi musu, kuma waɗanda suka fi cutuwa da wannan dabara, bayan talakawan da suka mutu, su ne 'yan kishin ƙasar da ba su son mulkin mallaka kuma ba su son kwaminisanci.

Sai an san yadda Faransa ta yanka ƙasar kafin a gane dalilin da ya sa ta riƙe kudu da haƙora. Sojojinta sun kama Saigon a 1859, yarjejeniyar 1862 ta ba ta larduna uku na gabashin yankin, a 1867 ta haɗa da ukun yamma, ta kira duka Kocincina. Tsakiyar ƙasar, wato Annam, da arewa, wato Tonkin, sun shiga hannunta ne daga baya, a 1883 da 1884, da sunan ƙasashen da take bai wa kariya, inda ta bar sarkin gidan Nguyen a fadarsa ta Hue yana sarauta ba iko. Kudu kuwa mallaka ce kai tsaye, ƙasar Faransa ce a idon doka, har tana da wakili a majalisar dokoki ta Paris. A can ne arziki yake. Fadamun bakin kogin Mekong, waɗanda aka haƙa wa magudanan ruwa a zamanin mallaka, sun mayar da Saigon ɗaya daga cikin manyan tashoshin fitar da shinkafa a duniya, ga kuma gonakin roba irin na kamfanin Michelin, ga Bankin Indocina da ke buga kuɗin yankin Indocina baki ɗaya, wato Biyetnam da Kambodiya da Laos. A gefen Turawan kuma wani rukuni na 'yan ƙasa ya taso, masu manyan gonaki da likitoci da lauyoyi, waɗanda suka yi karatu a Faransa, wasunsu har suka karɓi takardar zama 'yan Faransa. Binciken da Turawan da kansu suka yi a farkon shekarun 1930 ya nuna cewa kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari na masu filaye a kudu ne ke riƙe da kusan kashi 45 na gonakin, sauran jama'a kuma galibi 'yan haya ne da ke miƙa kaso mai tsoka na amfanin gona ga mai ƙasa. Daga cikin wannan siririn rukuni na sama aka tsamo mutanen da suka zama ministocin sabuwar jamhuriya.

Shekarar 1945 ta hargitsa komai cikin sauri. Ranar 9 ga Maris sojojin Japan suka kifar da mulkin Faransa a dare ɗaya, Sarki Bao Dai ya yi shelar 'yanci a ƙarƙashin inuwarsu, da Japan ta miƙa wuya a watan Agusta ƙungiyar Viet Minh, ta masu neman 'yanci a ƙarƙashin jagorancin 'yan kwaminis, ta karɓe Hanoi, sarkin ya yi murabus, jagoranta Ho Chi Minh ya yi shelar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Biyetnam ranar 2 ga Satumba, daga iyakar Sin har zuwa ƙarshen kudu. Amma manyan ƙasashen da suka ci Yaƙin Duniya na Biyu sun riga sun shirya a taron Potsdam na Jamus cewa sojojin Sin za su karɓi makaman Japan a arewacin layi na 16 na taswira, wanda ya ratsa tsakiyar ƙasar, na Birtaniya kuma a kudancinsa. Janar Douglas Gracey na Birtaniya ya saki fursunonin Faransa ya ba su makamai, ranar 23 ga Satumba suka kori Viet Minh daga gine-ginen gwamnati a Saigon, a watan Oktoba kuma Janar Leclerc ya iso da dakarunsa suka fara kame garuruwan kudu ɗaya bayan ɗaya.

Arewa ba ta kamuwa haka, don sojojin Sin suna can, kuma gwamnatin Ho Chi Minh ta zauna da gindinta. Saboda haka aka yi sulhu. Ranar 6 ga Maris ɗin 1946 Ho Chi Minh da wakilin Faransa Jean Sainteny suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ce Faransa ta amince da Biyetnam a matsayin ƙasa mai 'yanci, mai gwamnatinta da majalisarta da sojojinta da baitulmalinta, a cikin Tarayyar Indocina da Tarayyar Faransa. Ho Chi Minh ya biya farashi mai tsada: ya yarda sojojin Faransa dubu 15 su shigo arewa na tsawon shekara biyar, kuma ya haƙura da kalmar cikakken 'yancin kai, abin da ya sa abokan hamayyarsa a Hanoi suka zarge shi da sayar da ƙasa. Abin da ya karɓa a madadin haka shi ne jimla guda game da haɗewar sassa uku na ƙasar, inda Faransa ta ɗauki alkawarin amincewa da duk abin da jama'a suka yanke ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama. Wannan jimla ita ce ginshiƙin yarjejeniyar duka. Ɓangarorin biyu ba su yarda a kan makomar kudu ba, amma sun yarda a kan wanda zai yanke hukunci, kuma wanda suka yarda da shi ɗin shi ne mutumin kudu da kansa, manomin haya da ɗan dako da malamin makaranta da mai babbar gona, kowa da ƙuri'a ɗaya. Ko a yau, idan aka samu masu rikici sun kai ga irin wannan matsaya, sai a ce an ci rabin tafiya.

Babban wakilin Faransa a Indocina a lokacin shi ne Admiral Georges Thierry d'Argenlieu, hafsan sojan ruwa kuma ɗan zuhudun Katolika na ɗariƙar Karmel, mutumin Janar de Gaulle ne na ƙut da ƙut. Tsarin da ya zo aiwatarwa shi ne na sanarwar 24 ga Maris ɗin 1945, wadda ta lissafa ƙasashe biyar a Indocina, wato Tonkin da Annam da Kocincina da Kambodiya da Laos, da Bafaranshe a bisa yana sasanta su. A wannan lissafi babu wata ƙasa mai suna Biyetnam. Tun a watan Fabrairun 1946, kafin a sa hannu da Ho Chi Minh, an riga an naɗa majalisar shawara ta Kocincina mai mutum goma sha biyu, Faransawa huɗu da 'yan ƙasa takwas, ba wanda jama'a suka zaɓa a cikinsu. Kafin watan Maris ya ƙare, wato tawadar yarjejeniya ba ta gama bushewa ba, wannan majalisa ta tsayar da Thinh ya shugabanci gwamnatin wucin gadi. Sai aka jira. Ranar 31 ga Mayu Ho Chi Minh ya hau jirgi zuwa Faransa don tattaunawar da za ta daidaita sauran batutuwa, ciki har da ranar ƙuri'ar, washegari kuma, yana kan hanya, aka yi shelar jamhuriya a Saigon. Wanda ya zaɓi wannan rana ya san abin da yake yi.

Akan ce rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma da yawa sun karanta labarin haka: Paris ta yi niyyar alheri, Admiral ya ɓata. Ban yarda da wannan karatu gaba ɗaya ba. Gaskiya ne d'Argenlieu yakan aikata sannan ya sanar, gaskiya ne kuma gwamnatocin Paris na wannan shekara suna faɗuwa suna tashi, hankalinsu yana kan rubuta tsarin mulki. Amma ministan ƙasashen ƙetare, Marius Moutet, ɗan gurguzu ne da ke da ikon tsawatawa, bai kuwa soke abin da aka yi ba, kuma babu gwamnatin da ta kira Admiral gida sai a watan Maris na 1947, bayan wuta ta riga ta kama. Wanda ya ga wakilinsa ya karya alkawari ya bar shi a kan kujera ya ɗauki laifin a wuyansa.

Taron tattaunawar a Fontainebleau ta Faransa, wanda aka buɗe ranar 6 ga Yuli da Pham Van Dong a gaban tawagar Biyetnam, ya cije ne a kan wannan batu. Ana cikin zama sai d'Argenlieu ya kira wani taro na dabam a garin Dalat ranar 1 ga Agusta, ya gayyaci wakilan Kocincina da Kambodiya da Laos da na ƙabilun tsaunuka, waɗanda ya riga ya ware musu wani yanki na musamman a ƙarshen watan Mayu, domin su tattauna tsarin tarayya ba tare da Hanoi ba. Tawagar Biyetnam ta dakatar da zama. Abin da Ho Chi Minh ya iya tsira da shi kawai shi ne wata takardar zaman lafiya ta wucin gadi da ya sa wa hannu da Moutet ranar 14 ga Satumba, kuma ko a cikinta ba a sa ranar ƙuri'a ba.

Adalci ya wajabta a saurari mutanen Thinh, domin ba duk abin da suka faɗa ne ƙarya ba. Kudu ta bambanta da arewa a hakika. Ƙasa ce da 'yan Biyetnam suka shiga a hankali cikin ƙarnuka na baya-bayan nan, inda suka tarar da Khmer, wato ƙabilar mutanen Kambodiya, suka zauna tare da 'yan kasuwar Sin, ga kuma Musulmin Cham a wajajen Chau Doc. Tana da addinanta na gida da suka taso a ƙarni na ashirin, Cao Dai da Hoa Hao, kowanne da ɗimbin mabiya da mayaƙansa. Mutumin kudu mai wadatar shinkafa yana da tsoron kada 'yan arewa su zo su mallake shi, kuma wannan tsoro bai mutu ba har bayan 1975, shekarar da arewa ta ci kudu da yaƙi. Fiye da haka, Viet Minh ba ta yi wa abokan hamayyarta sassauci ba. A 1945 mutanenta sun kashe Bui Quang Chieu, tsohon jagoran masu neman gyara ta hanyar tsarin mulki, sun kashe Ta Thu Thau, ɗan gwagwarmayar da ya sha ɗauri a hannun Turawa, don kawai yana bin wani reshe na gurguzu dabam da nasu, a 1947 kuma suka hallaka Huynh Phu So, wanda ya kafa Hoa Hao. Mutumin da ya ga haka ya ce ba ya son ya faɗa hannunsu ba dole ne ya zama maci amana ba. Ina ɗaukar wannan tsoro da muhimmanci, kuma ba na cikin masu wanke Viet Minh saboda ta yi nasara.

Daga nan ne hujjar Faransa mafi ƙarfi ta fito: wai ba a iya ƙuri'ar gaskiya a ƙasar da ake yanka mutane da dare, sai an maido da doka da oda tukuna, kuma kafin nan dole a samu wata hukuma ta 'yan ƙasa da za ta riƙe yankin. Hujjar tana da kamar ma'ana, amma ayyukan masu ita sun ƙaryata ta. Wanda ke jiran zaman lafiya don ya yi ƙuri'a yakan sa rana, ko da mai nisa ce, ya zauna da abokin yarjejeniyarsa su tsara wanda zai sa ido, ya bar masu son haɗewa su yi magana kamar yadda masu son rabuwa ke yi. Ba ya kafa ɗaya daga cikin amsoshin biyu a matsayin gwamnati, ya ba ta tuta da 'yan sanda, sannan ya ce tambayar tana nan a buɗe. Tsoro a kudu kuma ba daga ɓangare ɗaya yake zuwa ba, domin sojojin Faransa suna ƙone ƙauyuka suna kama mutane, kuma jama'a ba su manta da yadda aka murƙushe boren Nuwambar 1940 a wannan yanki ba. Abin da na fahimta shi ne mahukuntan Saigon sun san amsar da za ta fito. Ko a cikin 'yan boko da attajiran kudu, da yawa waɗanda ke ƙin kwaminisanci suna son ƙasa ɗaya, don yare ɗaya suke yi da 'yan arewa, tarihi ɗaya suke karantawa, kuma an taɓa haɗe ƙasar a ƙarƙashin Sarki Gia Long tun 1802. Da Faransa tana da tabbacin cin ƙuri'ar, da ita ce za ta fi kowa gaggawar yin ta.

Labarin Thinh kansa shi ne ya fi taɓa ni. An haife shi a 1888, ya yi karatun likita a Faransa, ya zama ɗan ƙasarta, ya yi suna a Saigon, ya mallaki gonakin shinkafa, tun a shekarun 1930 kuma yana cikin siyasar neman gyara a hankali. Irin mutanen nan ne da suka gaskata cewa Faransar da suka karanta a littafi, mai maganar 'yanci da daidaito, za ta cika alkawari idan ta samu abokan tafiya masu hankali. Da ya hau kujera sai ya tarar kujerar ce kawai. Kuɗi da kwastan da manyan ma'aikatu suna hannun hukumomin tarayya da Faransawa ke gudanarwa, soja na Faransa ne, kwamishinan Faransa yana nan a Saigon da ikonsa, ƙauyuka kuwa da dare na Viet Minh ne. Ko a doka jamhuriyar tasa ba ta da gindi, domin Kocincina mallakar Faransa ce, ba mai ikon sauya matsayinta sai majalisar dokoki ta Paris, ita kuwa ba ta yi ba. Turawan mazauna Saigon, waɗanda ake cewa don kare su daga Hanoi aka yi wannan shiri, su ma ba su son su ga ɗan ƙasa yana da iko na gaske a kansu. Sai kuma takardar 14 ga Satumba ta zo da tanadin tsagaita wuta a kudu daga ƙarshen Oktoba, wanda Faransa ta shirya da Ho Chi Minh, ba da shi ba. Ma'anar wannan a fili take ga duk mai ido: idan maganar yaƙi da zaman lafiya ta taso a cikin ƙasar da ake ce masa shugabanta, da wani ake yin ta. A kwanakinsa na ƙarshe majalisar da ta naɗa shi tana matsa masa ya sake zubin gwamnati, 'yan uwansa suna kiransa karen Turawa, Turawan kuma sun fara juya masa baya. Ba na jin mutumin da ya shiga wannan aiki don kwaɗayi kawai zai ƙare yadda ya ƙare. Ya yi kuskure babba da ya yarda a yi amfani da sunansa wajen danne haƙƙin jama'arsa na faɗin ra'ayinsu, amma waɗanda suka sa shi a gaba, suna sane da cewa ba za su ba shi komai ba, laifinsu ya fi nasa nauyi nesa ba kusa ba.

Kwana goma sha uku bayan mutuwarsa, ranar 23 ga Nuwamba, jiragen ruwan yaƙin Faransa suka yi luguden wuta a kan birnin Haiphong da ke arewa, dubban mutane suka mutu. Ranar 19 ga Disamba yaƙi ya ɓarke a Hanoi, bai tsaya ba sai 1954.

Abin da ya biyo baya a Saigon ya tabbatar da cewa jamhuriyar ba ta da saiwa. Wani likitan, Le Van Hoach, ya gaji Thinh, bai cika shekara ba. A watan Oktoban 1947 Nguyen Van Xuan ya karɓa, hafsa ne a rundunar Faransa wanda ya yi karatu a babbar makarantar Polytechnique ta Paris, kuma shi ne ya sauya sunan zuwa Gwamnatin Wucin Gadi ta Kudancin Biyetnam. Mutumin da ya yi mataimakin Thinh, wanda babu mai shakkar kusancinsa da Faransa, shi da kansa ya ga ba za a iya tafiya da sunan da ke musun Biyetnam ba. A lokacin Faransa ta gane cewa bindiga kaɗai ba za ta kai ta ba, tana buƙatar wani ɗan ƙasa mai suna da zai ja jama'a daga Ho Chi Minh, sai ta koma neman tsohon sarki Bao Dai a Hong Kong. Shi kuwa, duk da abin da ake faɗa game da son jin daɗinsa, ya kafe a kan sharuɗɗa biyu, 'yancin kai da haɗewar ƙasa, wato ainihin abin da Hanoi ta nema. A watan Mayun 1948 aka kafa Gwamnatin Tsakiya ta Wucin Gadi ta Biyetnam da Xuan a kanta, ranar 5 ga Yuni kuma, a cikin wani jirgin ruwa a gaɓar Ha Long, sabon wakilin Faransa Émile Bollaert ya sa hannu a kan takardar da ta ambaci 'yancin kai da haɗin kan Biyetnam. Ita ma wannan gwamnati shekara ɗaya da 'yan makonni ta yi, ba ta da kuɗi ko soja na kirki, kuma Kocincina ba ta shiga ƙarƙashinta a doka ba. Sai da Bao Dai da Shugaban Faransa Vincent Auriol suka yi musayar wasiƙun 8 ga Maris ɗin 1949 sannan aka shirya mayar da kudu. Ko a nan ba a tambayi jama'a ba. An kafa wata majalisar yanki wadda mutanen da suka zaɓe ta ba su kai dubu biyu ba a ƙasa mai miliyoyin mutane, ta kaɗa ƙuri'ar haɗewa ranar 23 ga Afrilu, majalisar Faransa ta tabbatar da dokar 4 ga Yuni.

Ashe abin da aka hana a 1946, wanda hana shi ya rusa tattaunawa ya buɗe ƙofar yaƙi, abu ne da za a iya bayarwa. An bayar da shi bayan shekara uku, ga mutanen da ba su da ƙarfin riƙe shi, a lokacin da ya zama ihu bayan hari. Kafin shekarar ta ƙare 'yan kwaminis sun ci ƙasar Sin, a Janairun 1950 Sin da Tarayyar Sobiyet suka amince da gwamnatin Ho Chi Minh, a Fabrairu Amurka da Birtaniya suka amince da ta Bao Dai, rikicin mallaka ya rikiɗe ya zama fagen yaƙin cacar baka. A nan ne nake ganin asara mafi girma. Akwai dubban 'yan Biyetnam masu ilimi da kishi da suke son ƙasa ɗaya mai 'yanci wadda ba ta jam'iyya ɗaya ba, kuma dabarar Kocincina ta bar su da zaɓi biyu kacal: ko su shiga daji su bi Viet Minh a kan sharuɗɗanta, ko su zauna a birni a shafa musu baƙin fentin yaran Turawa. Da yawa sun shiga dajin ba don suna son kwaminisanci ba. Waɗanda suka zauna kuma, duk gwamnatin da suka kafa daga baya ta gaji wannan tabo, kuma abokan gabanta ba su taɓa rasa abin nunawa ba idan suna son su ce ƙirar baƙi ce. Ba na cewa Biyetnam ta Kudu ta 1955 'yar Jamhuriyar Kocincina ce kai tsaye, don iyakarsu ba ɗaya ba ce, kuma shugabanta Ngo Dinh Diem ba mai son Faransa ba ne. Amma a 1946 ne aka fara koyar da cewa ana iya ɗage ƙuri'ar da ake tsoro, kuma zaɓen haɗe ƙasa da taron Geneva na 1954, wanda ya raba ƙasar biyu, ya tsayar za a yi a watan Yulin 1956 shi ma ba a yi shi ba.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga yankinmu yadda ake zato. Tarayyar Faransa da aka ce Biyetnam ta zauna a cikinta ita ce wadda tsarin mulkin 1946 ya sa Nijar da Chadi da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a ciki, kuma samarin waɗannan ƙasashe aka kwasa suka je suka yi yaƙin da wannan siyasa ta haifar. Seyni Kountché na Nijar da Sangoulé Lamizana na Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, duk sun yi aikin soja a Indocina kafin su zama shugabannin ƙasashensu. Dabarar ware yanki mai arziki kuwa ta sake ɓullowa a 1957, lokacin da Faransa ta kafa wata hukuma ta musamman don yankunan Sahara, wadda ta shafi kudancin Aljeriya da arewacin Nijar da Mali da Chadi, jim kaɗan bayan an gano man fetur a hamadar Aljeriya. 'Yan gwagwarmayar Aljeriya sun ƙi duk wani sulhu da zai raba su da Saharar, har Faransa ta haƙura a 1962.

Akwai kuma waɗanda ba a saka su cikin lissafi ba tun daga farko har ƙarshe. Khmer na bakin kogin Mekong suna zaune a wannan ƙasa tun kafin zuwan 'yan Biyetnam da na Faransawa, da gidajen ibadarsu na addinin Buddha da yarensu. Da ana son a kare masu rauni daga mamayar masu rinjaye, kamar yadda d'Argenlieu ya yi ta faɗa, su ne suka fi kowa cancanta, amma ba su da wani tasiri a jamhuriyar Thinh, wadda ta masu manyan gonaki ce. Da lokacin miƙa yankin ya zo a 1949, masarautar Kambodiya ta gabatar da ƙorafinta a kan waɗannan larduna, Faransa ta ture shi gefe, domin a ranar Bao Dai take buƙata. Har yau ƙungiyoyin Khmer na wannan yanki, waɗanda ke Kambodiya da waɗanda ke ƙasashen waje, sukan taru kowace ranar 4 ga Yuni su yi juyayin dokar da ta yanke makomarsu a birnin Paris.